Muna Binciken Asali, Mun Bar Binciken Jini

Idan manema suka kawo maganar aure a gidajenmu na Zariya, ba a ba su amsa nan take, sai an yi bincike. Akan tashi wani kawu mai natsuwa, ko baffan da ya san jama'a, ya je unguwar su yaron, ya gaisa da mai unguwa, ya ji ta bakin limamin masallacinsu, ya ɗan zauna da masu shagon bakin layi. Yana salla? Ba ya shaye-shaye? Mece ce sana'arsa? Yaya yake da mahaifiyarsa? Duk waɗannan tambayoyi ne na hankali, kuma uban da ya ba da 'yarsa bai yi su ba ya yi sakaci. Amma akwai wata tambayar da ke biyo baya, wadda sai an rage murya ake yin ta: mene ne asalinsu? Fulani ne ko Haɓe? Kakansa ɗa ne ko dimajo? Ba mahauta ba ne, ba wanzamai ba? Uwarsa ba daga kudu aka auro ta ba? An fasa aure da yawa a garin nan saboda amsar wannan tambaya, kuma hujjar da ake kafawa ba ta wuce guda ɗaya ba: kada a gurɓata jinin gida.

Ni a ganina wannan tambaya ba ta da wani tushe a cikin jinin da ake cewa ana karewa. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne ta tare gurbin tambayar da take da tushe a cikinsa, wato ko yaron da yarinyar suna ɗauke da sikila. Muna ɓata makonni wajen tono kakan kakan mutum, amma gwajin da ba ya ɗaukar fiye da yini ɗaya sai a bar shi sai ana gobe ɗaurin aure, ko ma a ƙi yin sa sam.

A shekarar 2003 masana suka sanar da kammala karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, rubutu mai haruffa kimanin biliyan 3 da ke cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu. Idan aka ɗauko mutum biyu daga ko'ina a duniya aka gwada rubutun nasu harafi da harafi, sukan yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin 100. Ɗan ragowar nan shi ne duk bambancin da muke gani da wanda ba ma gani. Tun kafin haka, a 1972, wani masani a Amurka mai suna Richard Lewontin ya lissafa yadda wannan bambanci ya rarrabu a tsakanin al'ummu, sai ya tarar kimanin kashi 85 cikin 100 nasa yana cikin kowace al'umma ne, tsakanin mutum da ɗan ƙabilarsa. Abin da ke raba wata al'umma da wata ɗan kaɗan ne. Binciken da aka yi ta yi daga baya da na'urorin zamani bai rushe wannan lissafi ba. Ma'ana, mafi yawan bambancin gado da ke tsakanin Bazazzagi da Bature, za ka same shi tsakanin wannan Bazazzagin da maƙwabcinsa na Kwarbai ko Ƙofar Doka.

Mu 'yan Afirka ma abin ya fi shafar mu, domin babu nahiyar da ta kai tamu yawan bambancin ƙwayoyin gado. Dalilin a fili yake ga masana: a nan ɗan Adam ya fi daɗewa. Ƙasusuwan da aka tono a Jebel Irhoud a ƙasar Maroko an ƙiyasta shekarunsu kusan 300,000, alhali mutanen da suka bazu zuwa Asiya da Turai sun samo tushe ne daga wani rukuni da ya fita Afirka shekaru 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce. Kamar mutum ne ya shiga rumbun da aka tara iri kala-kala na shekara da shekaru, ya ɗebi mudu ɗaya ya tafi ya shuka a wata ƙasa. Komai yawan amfanin da zai samu, irin da ke cikin mudun nan ne kawai zai yi ta maimaituwa, sauran na nan a rumbu. Shi ya sa ƙabilu biyu na Afirka za su iya fin nisa da juna a gado fiye da Bature da ɗan Sin, duk da cewa Turawan mulkin mallaka sun haɗa mu duka a suna ɗaya saboda launin fata.

Ko ba a je ɗakin gwaji ba, tarihin Zazzau kaɗai ya isa ya nuna cewa zancen tsantsar jini ba shi da makama. Gidajen sarautarmu huɗu su ne Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma kowanne da inda kakanninsa suka taso kafin su zo nan. Bayan jihadi, gidan sarautar da aka tarar ya yi kudu, zuriyarsa ce ta kafa garin Abuja na asali wanda yanzu ake kira Suleja. Ƙasar Zazzau ta yi suna da rinji, inda aka tara mutanen da aka kamo daga ƙabilu iri-iri, kuma a masarautun ƙasar Hausa 'ya'yan sarauta da dama ƙwaraƙwarai ne suka haife su. Sai jirgin ƙasa ya zo, Sabon Gari ya cika da Yarabawa da Inyamurai da Nufawa, sai jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ta jawo mutane daga ko'ina zuwa Samaru. Garin da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana karɓar baƙi yana auratayya da su, wane gida ne a cikinsa zai bugi ƙirji ya ce jininsa bai taɓa gauraya ba? Kuma mutumin da ake goranta wa jikansa bauta, ai ɗa ne a garinsu ana gobe mahara su zo. Bauta abu ne da yaƙi ya jawo masa, ba ta shiga ƙwayar halittarsa ba, ballantana ta sauka ga jikoki. Haka fawa da ƙira da wanzanci, sana'o'i ne da ake koya a gaban uba.

Ba ina cewa babu wani bambanci tsakanin al'ummu ba ne. Akwai, kuma sanin sa yana da amfani. Fulani da yawa suna iya shan ɗanyar madara har girmansu ba ta ɓata musu ciki ba, saboda wani canji a ƙwayar gado da ya yaɗu a tsakanin makiyaya, alhali yawancin mutanen duniya jikinsu yana rage narkar da sukarin madara bayan yaye. Wani bincike da aka buga a 1996 daga Burkina Faso ya nuna Fulanin can ba sa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro kamar maƙwabtansu Mosawa, duk da sauro ɗaya ke cizon su. Kusan duk mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Duffy, rashin ta kuwa kariya ce daga wani nau'in zazzaɓin da ya addabi Indiya. Launin fata ma haka, ya bi ƙarfin rana ne a inda kakannin mutum suka daɗe, kuma a cikin Afirka kaɗai akwai daga masu haske na kudancin nahiyar har baƙaƙe wuluk na kwarin Nilu. Duk waɗannan sawun abinci ne da rana da cuta a jikin mutane. Suna nuna abin da kakanni suka yi fama da shi, ba su ce komai ba a kan gaskiyar mutum ko kunyarsa ko yadda zai riƙe 'yar mutane. Kuma kowannensu magana ce ta yawa da ƙaranci: akwai Bafulatanin da madara ke murɗa wa ciki, akwai Bahaushen da ke shan ta lafiya lau. Alƙur'ani a Suratur Rum ya lissafa saɓanin harsuna da launuka a cikin ayoyin Allah, bai lissafa su a matsayin ma'aunin daraja ba.

To ga gadon da ya kamata ya hana mu barci. Sikila, ko amosanin jini, tana samuwa ne daga canjin harafi ɗaya tak a ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Wanda bai gaji canjin ba sam shi ne AA. Wanda ya gaje shi daga ɓangare ɗaya shi ne AS, lafiyarsa ƙalau, yana iya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba shi ne SS. Jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe su yi siffar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120 na mai lafiya. Daga nan ne ciwon ƙashi da ƙarancin jini da shawara suke fitowa. Dalilin da ya sa abin ya yi yawa a wajenmu kuwa, Anthony Allison ne ya bayyana shi a 1954 bayan aikin da ya yi a Gabashin Afirka: yaro mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka a duk inda sauro ya yi ƙarfi, masu AS suka fi rayuwa suka hayayyafa. Shi ya sa ake samun sikila a wasu sassan Indiya da Saudiyya da Girka, a tsakanin mutanen da ba baƙaƙe ba. Sauro ta bi, ba ta bi ƙabila ba, kuma ba ta san gidan sarauta ko gidan mahauta ba.

A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Wani ɓangare na wannan ilimi a ƙasarmu aka samo shi, da hannun mutanen jami'armu. A aikin binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙauyukan Garki, cikin jihar Jigawa ta yanzu, a shekarun 1970, Farfesa Alan Fleming na sashen cututtukan jini a jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun auna jinin mutanen wurin. Sun tarar kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. Yaran ba warkewa suka yi ba, rasuwa suka yi tun suna ƙanana. Duk lokacin da na tuna wannan sakamako sai in tuna matan da ake ce wa masu wabi, waɗanda ke haihuwa ana binnewa, a yi ta kai su wajen masu magani ana neman aljani ko maye. Allah kaɗai Ya san nawa ne daga cikinsu matsalarsu ita ce su da mazajensu duka AS ne.

Lissafin ba shi da wuya. Idan ɗaya cikin huɗu na samari AS ne, ɗaya cikin huɗu na 'yan mata ma haka, to kusan aure ɗaya cikin kowane 16 da aka ɗaura ba gwaji, AS ne ya haɗu da AS. A irin wannan aure kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki, na nanata, domin mutane da yawa suna ɗauka idan na fari ya zo da ciwon to ukun da ke biye sun kuɓuta. Ba haka ba ne. Akwai gidan da 'ya'ya uku a jere suka zo da shi, akwai wanda aka haifi shida babu ko ɗaya. Auren zumunci da muke so ƙwarai yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da abu iri ɗaya, tunda kaka ɗaya suka gada, sai dai AS ta yi yawan da ko bare ka auro daga Maiduguri ko Ilori ba ka tsira ba sai ka gwada.

Wanda bai taɓa zama da mai sikila ba, ya je asibitin koyarwa na Shika ranar da ake ganin su ya zauna a benci na awa ɗaya. Zai ga uwa ta goyo yaro ɗan shekara bakwai saboda ƙafarsa ba ta takuwa, idonsa ya yi rawaya, hannunta riƙe da leda cike da katunan asibiti da suka tsufa. Zai ga jaririn da bayan hannunsa da ƙafarsa suka kumbura, ana taɓa shi yana tsala ihu. Zai ji ana waya ana neman wanda zai ba da jini, uba yana lissafin ko zai sayar da babur ɗinsa. Idan sanyin hunturu ya shigo, ko damina ta kankama, waɗannan iyaye ba sa barci da ido biyu rufe. Kuma sau da yawa uwar ita kaɗai ce a wurin, domin dangin miji sun riga sun yanke hukunci: "Mu dai babu wannan ciwo a gidanmu, ita ta kawo mana." Wannan zalunci ne tsagwaronsa. Babu yaron da zai zama SS sai uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi. Har akwai mazan da ke kai wa ga zargin matansu da cin amana. Ya kamata su tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa don an haife shi baƙi. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya ce ko akwai mai ruwan toka a ciki, ya ce akwai. Ya ce daga ina ya fito, mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta jawo shi. Sai Annabi ya ce masa ɗan nasa ma wataƙila haka ne. Abu yana iya ɓuya a zuriya ya tsallake mutane da yawa sannan ya bayyana.

Masu ƙin gwaji sukan ce ai cuta da lafiya na Allah ne, kada a shiga hurumin ƙaddara. Gaskiya ne na Allah ne. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, da aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kuma abin lura, mutumin da ke kawo zancen tawakkali idan an ce a gwada jini, ba ya kawo shi idan ana binciken ko kakan yaro bawa ne.

Jihar Kano ta kafa doka a 2024 da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila, kuma coci-coci da yawa a ƙasar nan sun daɗe suna neman takardar gwaji kafin su ɗaura. Mataki ne mai kyau, amma ina ganin idan gwajin ya tsaya a bakin ɗaurin aure kawai, an makara. Na ga yadda aka yi a wani gida na kusa da mu. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an kawo lefe mata sun zo sun gani, sannan aka aika yaran gwaji, sakamako ya fito duka biyun AS. Mahaifin yarinyar ya ce a dakata. Ƙanwarsa ta same shi a zaure tana hawaye: "Haba Yaya, bayan an raba goro da alawa gari ya ji? Me za mu ce wa mutane? Yarinyar nan fa ta daina cin abinci." Ya ce, "Gwaggonsu, ni ma abin na cina, amma gobe nake ji." Cikin mako guda sai ga ango da sabuwar takarda daga wani ɗakin gwaji na cikin lungu, an rubuta AA. Kowa ya san abin da ya faru, kowa ya kau da kai, aka ɗaura. Ban ga laifin kukan gwaggon ba, domin raba masoya bayan shekara biyu ko uku ba ƙaramin abu ba ne. Laifin na tsarin da ya bar mutum ya kai shekara ashirin da biyar bai san ko yana ɗauke da sikila ba.

Akwai kuma wata illa da nake tsoro, wadda tuni ta fara: mu cire ƙyamar asali mu maye gurbinta da ƙyamar sikila. Yarinya mai AS ba mara lafiya ba ce, idan ta auri AA babu ɗanta da zai zama SS. Mai SS kansa yana da haƙƙin aure da haihuwa, kuma da mai AA 'ya'yansu AS za su kasance. Ba daidai ba ne a riƙa ce wa yaro a gabansa wai ba zai yi tsawon kwana ba. A Ingila da Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da aka haifa da sikila suna kai wa girma, kuma ba da wani abin al'ajabi ba: gano ciwon tun ana jarirai, allurar rigakafi, maganin kashe ƙwayoyin cuta na kullum, da ƙwayar Hydroxyurea mai rage yawan tashin ciwon, a wajenmu sai a ƙara da gidan sauro da maganin zazzaɓi. Sabon maganin gyaran ƙwayar gado mai suna Casgevy da aka amince da shi a ƙarshen 2023 kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya a Amurka, don haka ba shi ne mafitar talakan Tudun Wada ba a yanzu.

Sikila ma ba ita kaɗai ba ce. Maza da yawa a ƙasar nan suna da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, shi ma gado ne da zazzaɓin cizon sauro ya yaɗa. Jaririn da ke da shi, kafur ɗin da ake sa wa a akwatin kayan jarirai ko lallen da aka shafa masa na iya farfasa jininsa ya jawo shawara mai tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Unguwarzoma nawa ce ta san wannan? Ga shi kuma manyan binciken ƙwayoyin gado na duniya, mafi yawan mutanen da aka auna 'yan asalin Turai ne, mu 'yan Afirka da muka fi kowa bambanci ba mu kai ko kashi 5 ba. Garin da ke da jami'a irin ta Samaru da asibiti irin na Shika bai kamata ya jira wasu su zo su faɗa masa abin da ke cikin jinin mutanensa ba.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A gwada kowane jariri a asibitin da aka haife shi ko ranar allurar farko, a rubuta a katinsa. Waɗanda suka wuce wannan mataki a gwada su a aji ɗaya na ƙaramar sakandare da makarantun Islamiyya, tun zuciya ba ta kamu da kowa ba, a kuma yi musu bayanin abin da haruffan ke nufi a cikin harshen da suke ji. Gwamnatin jihar Kaduna ta tantance ɗakunan gwajin da za a karɓi takardarsu, ta hukunta mai sayar da sakamakon ƙarya. Limamanmu na Juma'a su ɗauki maganar a huɗuba, su faɗa wa maza ƙarara cewa rabin ciwon daga wajensu yake. Iyaye kuma, ranar da yaro ya fara zuwa zance, kafin a karɓi ko sisin kwabonsa, a tambaye shi takardar gwajinsa, a nuna masa ta yarinyar, in ana shakka a sake yi a asibitin gwamnati a gaban wakilan gidajen biyu.